Wasan Waya da Amanar Lokaci

Wanda ya zauna a majalisar samarin Gummi bayan sallar La'asar, ya ga yadda kawuna suka sunkuya a kan waya, yatsu na shafar gilashi ana jefa ɗan lido, alhali a da ramukan dara ake haƙawa a ƙasa, lalle zai tambayi kansa hukuncin wannan lahawu. Malamanmu na Malikiyya sun riga mu duba mas'alar, domin mai Risala, Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, ya hana wasan nardu da shaɗaranji. Illar kuwa da malamai suka fi ambata ita ce caca da shagala daga ambaton Allah. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a Zamfara, wasannin da ba su bukatar intanet sun ɗebe wa mutane kewa cikin ƙunci, wannan kuwa alheri ne da ba a musunsa. Saboda haka ni a ganina, darajar wasa tana ga abin da ya bari a zuciya: in ya wasa hankali, ya saki mai shi da jin kiran ladani, madalla; in ya cinye sallah da neman halal, to, rayuwa aka sayar da arha.