Shaidu Uku da Tambayar Alƙali

Idan mutum uku da ba su taɓa haɗuwa ba suka tsaya gaban alƙali da magana ɗaya, zuciya takan karkata ga gaskata su. Amma alƙali mai hangen nesa yakan ƙara tambaya: da idonku kuka gani, ko daga baki ɗaya kuka ji? Tambayar da ke gaban masana lissafi da na fiziks ke nan a yau.

Mai shaida na farko igiyar ruwa ce. A 1834 John Scott Russell ya ga wata igiya tilo tana tafiya a mashigin jiragen ruwa kusa da Edinbara ba ta wargajewa, har ya bi ta a kan doki. A 1895 Korteweg da de Vries na ƙasar Holan suka rubuta ƙa'idar lissafinta, daga baya aka gano tana cikin 'yan ƙa'idodin da ake iya warwarewa tsaf, ba da kintace ba.

Na biyu jadawalin lambobi ne da ake kira matiriks. A shekarun 1950 Eugene Wigner ya zuba masa lambobi kara-zube domin ya fahimci matakan makamashi a cibiyar manyan ƙwayoyin zarra. Me ya haɗa wannan da ruwa? Sai ga shi a 1992 Maxim Kontsevich ya tabbatar da wani hasashen Edward Witten da irin wannan jadawali, kuma ƙa'idar igiyar nan ce ke tsara amsoshin.

Na uku nazariyyar tagwaitaka ce, mai cewa kowace ƙwayar asali tana da abokiyar tagwaici. A 2002 Robbert Dijkgraaf da Cumrun Vafa suka nuna cewa wasu lissafe-lissafenta masu wuya suna komawa ga jadawalin matiriks.

Ashe ke nan duniya a kan tagwaitaka aka gina ta? Babbar na'urar karon ƙwayoyi ta CERN kusa da Jeniba, mai kewayen kilomita 27, ta gano ƙwayar Higgs a 2012, amma har yau ba ta nuna ko tagwai ɗaya ba.

A ganina, jituwar shaidun nan tana kama da rijiyoyi uku masu ɗanɗano ɗaya: ta nuna jijiyar ruwansu ɗaya ce a ƙarƙashin ƙasa. Wannan jijiya gaskiya ce ta lissafi, kuma hujjar Kontsevich za ta tsaya ko an ga tagwayen ko ba a gansu ba. To amma ko haka halitta take, gwaji ne kaɗai ke da bakin faɗa.

Wani zai ce ai ƙa'idar Dirac ta 1928 ta yi ishara da ƙwayar fozitiron kafin a gan ta. Haka ne, sai dai ba ta zama tabbas ba sai da Carl Anderson ya ga sawunta a 1932. Gani ya kori ji.

Nan amanar masani take. Ɗalibai suna damƙa masa shekarun ƙuruciyarsu, al'umma tana ba shi dukiyarta. Haƙƙinsu ne ya bambance musu abin da aka tabbatar da hujja, da abin da aka gani a gwaji, da abin da har yanzu fata ne. Wanda ya gauraya ukun nan saboda kyawun lissafinsa ya ci amanar da aka ba shi, ko da duk lambobinsa daidai suke.