Ɗa a Teku, Uba a Bakin Daji

Jama'a, wata tambaya ce ta tsaya mini a rai, na ga ya kamata in shimfiɗa ta gaban malamai da 'yan'uwana ɗalibai. Mu ɗauka ga wani manomi a ƙasar Birnin Gwari, gonarsa na bakin dajin Kamuku. Ɗansa ya gama sakandare, ya ce shi sojan ruwa zai shiga, ya koyi gyaran na'urorin jirgi, wato rediyon sadarwa, da rada mai hango jirage cikin duhu da hazo, da tarin wayoyin da ke haɗa su. Shin uban ya sa albarka ko ya hana? In kuwa ya sa, me yake bin yaron?

Tafiyar dai mai nisa ce. Sai yaro ya fara zuwa Onne a Jihar Ribas, inda ake horas da sababbin sojan ruwa, sannan masu fannin injiniya su wuce kwalejin Sapele a Jihar Delta. Gwamnati ke ɗaukar nauyin horon, amma kafin a kai nan, wa ya biya kuɗin jarrabawa, da na mota zuwa wurin tantancewa, da guzuri? Buhunan masara ne suka bar rumbu. Kuma a wace ƙasa? Ƙasar da a watan Mayu na 2018 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen Gwaska suka kashe mutum fiye da 40, wadda kasuwar kararta ta yi shekaru a rufe, sai a Nuwamba 2024 aka sake buɗe ta bayan sulhu. A irin wannan wuri, saurayi guda a gida ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka mai cewa a hana yana da hujja. Gida bai ƙoshi ba, a kai wa dawa? Yaro zai je ya tsare jiragen mai a mashigin tekun Gini, alhali uwarsa na kwana da kunne ɗaya a buɗe. Ana iya amsa masa da cewa man nan da ke bi ta teku, daga kuɗinsa ake yi wa ƙaramar hukumarsu kasafi, kuma sojan ruwa na da sansani a Baga bakin tafkin Chadi, da makaranta a Kachiya, nan cikin Jihar Kaduna. Duk gaskiya ne, ko da yake ban ga uwar da wannan lissafi zai sanyaya wa zuciya ba. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne, tsare daji aikin hukuma ne. Uban da ya riƙe ɗansa don gudun wannan gibi, ya ɗora wa yaron tarar laifin da ba shi ya yi ba.

To, sai batun bashi, kuma nan ne muka fi tuntuɓe. Da yawanmu mun mai da renon ɗa adashi, a zuba yau a kwasa gobe. Albashin ƙaramin soja kuwa nawa yake? Ga haya a Legas ko Fatakwal, ga aure na tafe. Muddin uba na ƙidaya buhunan da ya sayar, duk wayar da ya buga ta zama bin bashi, har yaro ya fara jin nauyin ɗauka. Ni a ganina, kula da iyaye wajibi ne da addini da al'ada suka ɗora wa kowane ɗa, wanda aka kashe wa dukiya da wanda ba a kashe wa ko anini ba. Tunda haka ne, ashe ba daga buhunan wajibin ya fito ba, balle a auna shi da tiya.

Amma akwai wanda muke mantawa da shi. Masarar nan wani ya nome ta. Ƙanen da aka bari a gida shi ya yi huɗa, ya yi noman fari da maimai, ido ɗaya a kunya ɗaya a bakin daji, ya kuma ga karatunsa ya tsaya don na wansa ya tafi. Iyaye sun zaɓi sadaukarwarsu da kansu, shi kuwa ba a shawarce shi ba. In akwai mai bin sojan nan bashi na haƙiƙa, to, ƙanen ne. Ranar da wan ya dawo hutu cikin fararen kaya, mutanen unguwa suna tururuwa suna yi wa malam barka, shi ne za a aika tasha ya ɗauko akwati.