Jan Farcen Ɓarewa: Sauƙi Ne Ko Wayo a Addini?

Tambayar da ke yawo a bakin matan aure a makarantunmu na Islamiyya ita ce: jan farcen nan da ake ɓarewa da hannu, ba sai an nemi maganin gogewa ba, shin ya halatta, ko dabara ce kawai ta kauce wa hukunci?

Mu fara da tushe. Aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta wajabta wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, farce kuwa yana cikin hannu. A mazhabar Malikiyya ma sai an haɗa da cuɗawa. Muslim ya ruwaito daga Sayyidina Umar (RA) cewa wani mutum ya bar lam'a gwargwadon farce a ƙafarsa, Manzon Allah (SAW) ya mayar da shi ya kyautata alwalarsa. Lalle launi kawai yake bari, ruwa na isa farce. Shi kuwa jan farce, kowane iri ne, rufi ne a kan farce. Hatta wanda kamfanin Inglot ya yi, da aka yi ta muhawara a kansa a 2013 wai ruwa na ratsa shi, malamai da yawa ba su gamsu ba.

To ina wayon yake? Babu. Wadda ta shafa bayan sallar isha'i don yi wa maigida kwalliya, ta ɓare kafin wankan janaba ko alwalar asuba, ta ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Matsalar tana wajen gaggawa. Ɗan guntun da ya maƙale a gefen farce ya isa ya ɓata tsarki. Ki duba yatsunki goma a cikin haske, domin wannan amana ce da babu mai binciken ki a kanta sai Allah.

Farcen ma amana ne. Ki shafa a kan busasshen farce mai tsabta. Wajen cirewa, ki jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ki ɗaga daga gefe a hankali, kada ki kankare da reza ko haƙori. Sannan ki bi da man kaɗanya ko man zaitun, musamman lokacin hunturu. Kada ki ɓare wanda ba na ɓarewa ba, irin mai taurin nan da ake busarwa da fitila a shagon kwalliya, don yana tafiya da saman farcen. Farce yana tsiron kimanin milimita 3 ne a wata, sai ya yi kusan wata 6 kafin ya sabunta. Kuma kar son ado ya sa ki wuce kwana 40 ba ki yanke shi ba, kamar yadda ya zo a hadisin Anas (RA).

Saura abu guda. Idan kin ga wata a sahu da jan farce, ki kame bakinki. Mai yiwuwa da alwalarta ta shafa, sallarta kuwa ta inganta muddin alwalar ba ta karye ba. In nasiha ta kama, ki ja ta gefe. Kada ki tsare farcenki daga lam'a, ki bar zuciyarki da mummunan zato.

Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya zaunar da mu lafiya a ɗakunanmu. Amin.