Likita, Nas da Mai Shara: Aikin Wa Ya Fi?

Duk wadda ta taɓa zaman jinya ta san yadda muke raba gaisuwa a asibiti. Idan likita ya shigo zagayen safe, sai a miƙe a gyara mayafi, ana "sannu da zuwa likita". Nas kuwa "Sista" ce a gaban idonta, tana juya baya a ce ta cika tsiwa. Ita kuma matar nan mai bokiti da tsintsiya, ko sunanta ba a tambaya, iyakaci a ɗaga ƙafa ta share ƙarƙashin gado. Shin wannan rabo namu adalci ne? Darajar ma'aikaci tana bin yawan karatunsa ne, ko kuwa nauyin amanar da ke hannunsa?

Mu fara ba likita haƙƙinsa. A Najeriya sai mutum ya yi shekara 6 a jami'a, ya ƙara shekara 1 yana aiki a ƙarƙashin manya, kafin a sakar masa mara lafiya, wanda zai zama ƙwararre kuwa da sauran shekaru a gabansa. Shi ne mai gano ciwo, shi ne mai cewa wannan naƙudar ta yi tsawo, a shiga tiyata yanzu. In hukuncin ya ɓaci, sa hannunsa za a nema a fayil. Saboda haka cewa wai kowa ɗaya ne a asibiti, ba babba ba yaro, magana ce mai daɗin ji amma ba gaskiya ba ce. Jirgi ɗaya ba ya tafiya da matuƙa goma.

To amma minti nawa likita ke yi a kanki? In ya daɗe ya yi goma. Sauran yini da daren fa? A hannun nas da ungozoma kike. Ɗauki misalin jijjiga, wadda ke kama masu ciki idan jini ya hau. Likita zai rubuta allurar da ke tsayar da ita ya wuce wani ɗakin. Nas ce za ta riƙa yin allurar duk bayan awa 4, kuma kafin kowace sai ta duba numfashin matar da yawan fitsarinta, domin maganin da kansa yana iya cutarwa in ya taru a jiki. Haka matar da ta haihu lafiya, dangi suna ta barka a waje, jini kuwa na tsiyaya a hankali: ungozomar da ta ɗaga zane ta duba da ƙarfe biyun dare ita ce tsakanin matar nan da kabari, da ikon Allah. Rubutun likita ba ya tashi daga takarda ya yi wa kowa allura.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a wurinmu. Rufaida Al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar waɗanda aka ji wa rauni, kuma can Manzon Allah (SAW) ya sa aka kai Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ.

Sai mai shara, wadda a kanta ne na fi son mu tsaya. Akwai wani labari daga birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. A babban asibitin garin akwai ɗakunan haihuwa biyu, ɗaya na likitoci da ɗalibansu, ɗaya na ungozomomi. Abin mamaki, mata sun fi mutuwa da zazzaɓin bayan haihuwa a ɗakin likitoci, ninki biyu har da ɗoriya. A 1847 wani likita mai suna Semmelweis ya gano dalili: likitocin suna fitowa daga binciken gawa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu na shekarar, mata kusan 18 cikin 100 ne suka mutu. Zuwa watan Yuni adadin ya koma ƙasa da 3. Ba sabon magani aka kawo ba, tsabta ce kawai. To wa ke riƙe da tsabtar asibiti a yau? Wadda ke goge jinin ɗakin haihuwa kafin a kwantar da ke, da mai wanke zanin gado, da mai dafa kayan tiyata, da mai kwashe allurai ya kai a ƙone. In ɗayansu ya yi ha'inci, gwanintar likita ta tashi a banza, kuma ba wanda zai gani sai bayan kwana uku da ɗinki ya fara ruwa.

Nan ne ma'aunin yake juyawa. Aikin likita ana gani, ana yabawa, ana biya. Aikin mai shara ba mai dubawa, albashinta shi ne na ƙasa, tana iya shafa tsumma sama-sama ta wuce. In ta tsaya ta goge lungun da ba mai leƙawa, me ya sa ta in ba riƙon amana ba? A ganina likita ya fi ta matsayi da alhakin yanke hukunci, amma wannan bai nuna ya fi ta a wurin Allah ba, don ba mu muke riƙe da wannan ma'aunin ba. Ku tuna matar da ke share masallacin Annabi (SAW). Ta rasu aka binne ta ba a sanar da shi ba, kamar an raina al'amarinta. Da ya ji, sai ya ce a nuna masa kabarinta, ya je ya yi mata salla.

Cuta ma ba ta duba matsayi. Zazzaɓin Lassa da aka fara ganewa a 1969, wata nas ya fara kashewa, wadda ke aiki a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu. Nas ɗin da ta yi jinyarta a Jos ita ma ta rasu, a 1970 kuma ya ɗauki likitar asibitin.

Na san wata za ta ce, "Malama, ba ki gamu da nas mai zagi a ɗakin haihuwa ba ne." Akwai su, kuma ba zan wanke su ba. Dukan mai naƙuda, ko yi mata gorin da baki ba zai iya maimaitawa ba, zalunci ne ko da nas ɗin ta kwana a tsaye ita kaɗai a kan gadaje talatin. Gajiya tana bayyana dalili, ba ta halatta wulaƙanci. Sai dai mu ma masu jinya mu duba namu: mu cika ɗaki mu goma a kan mara lafiya ɗaya, a zubar da ruwan wanke kwano a inda aka gama gogewa, a ɗura wa mara lafiya jiƙo a ɓoye alhali an ce kada ya sha komai kafin tiyata.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Mu ne masu cewa ba mu yarda namiji ya karɓi haihuwarmu ba, kuma muna da hujja. Amma idan yarinya ta ce za ta makarantar nas ko ta ungozoma, sai uwa ta ce aikin kwasar kashi ne, in dai ba likita za ta zama ba ta haƙura. Wadda ta samu ta gama, sai miji ya ce ba matarsa da aikin dare. Shi ɗin ne kuma ranar da naƙuda ta kama matar ƙaninsa da tsakar dare zai tsaya a bakin ɗakin haihuwa yana faɗa, wai sai an nemo masa mace. Daga gidan wa za a nemo ta?