Wa Ke Tarar Baƙo a Zauren Ƙasa?

Ƙarfe uku da wani abu na dare jirginmu ya sauka a Istanbul, kuma sai bayan sa'a bakwai zan hau wanda zai ƙarasa da ni wani taron masu rubuta manhaja. Na taɓa bi ta tsohon filin jirgin birnin, Atatürk, kafin a kwashe komai a watan Afrilun 2019 a koma sabon da aka buɗe a ƙarshen Oktoban 2018. Tsohon akwai cunkoso. Sabon kuwa, daga inda ka sauka zuwa inda za ka hau, sai ka yi tafiya kamar mai zuwa cin kasuwar ƙauyen gaba.

Ga barci a idona, ga yunwa. Na wuce shagon da ake sayar da simit, burodin nan mai kama da zobe da suke barbaɗa wa riɗi. Na wuce inda ake zuba shayi a 'yan kofunan gilashi masu siririn ƙugu. Ƙafata ba ta tsaya ba sai gaban koren tambarin Starbucks. Ban ma dubi allon farashi ba, na faɗi abin da nake so, aka miƙo mini, na nemi kujera kusa da inda zan caja waya. Sai da na sha rabi sannan na tuna inda nake: birnin da aka buɗe gidajen shan gahawa tun tsakiyar ƙarni na 16, ƙasar da hukumar UNESCO ta sa al'adar gahawarta cikin kayan gadon 'yan Adam a 2013. Kunya ta kama ni, alhali babu wanda ya ce mini uffan.

Tun daga ranar nake tambayar kaina ko kunyar nan tana da tushe. Idan laifi na yi, wa na yi wa? Idan kuma ba nawa ba ne, na wane ne?

Bari in fara da kare kaina, domin ina da hujja. Matafiyi mutum ne mai rauni. Bai san harshen ba, bai san darajar kuɗin ba, cikinsa bai san abincin ba, kuma gabansa akwai sa'o'i a sama inda ɓacin ciki ba ƙaramar masifa ba ce. Abin da waɗannan kamfanoni ke sayarwa, kafin gahawa da nama, alkawari ne cewa babu abin da zai ba ka mamaki. Na taɓa raka kawuna asibiti a Turai. A filin jirgi ya dubi jerin abincin da bai san sunan ko ɗaya ba, ya ce mini, "Kai, nemo mini na kifin nan kawai, shi na san abin da ke cikinsa." Burodi da kifin McDonald's yake nufi. Wani mai reshen kamfanin a Cincinnati ne ya ƙirƙiro shi a farkon shekarun 1960 saboda 'yan Katolika da ba sa cin nama ranar Juma'a, ga shi yau ya zama mafakar Musulmin da ke gudun naman da bai san yankansa ba. Duk wanda zai raina wannan natsuwa, ina jin bai taɓa yin yunwa a inda ba ya jin abin da ake faɗa ba.

Sana'ata ma a kan wannan aƙida take. Mu masu rubuta manhaja burinmu shi ne abin da muka gina ya yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta, ko a Kano ko a Tokyo. Idan ya yi wani abu daban a wani wuri, sunansa matsala, kuma a kan gyara ta ake biyanmu. Filin jirgi shi ma haka yake. Da a ce kowace ƙasa da nata alamomin, da nata tsarin magana tsakanin matuƙi da hasumiya, da hatsari bai ƙirgu ba. Daidaito a nan rahama ne.

Amma sana'ar tawa ta koya mini wani abu na biyu. Kowace manhaja tana zuwa da zaɓin da aka riga aka yi maka: harshe, ƙarar kira, injin binciken intanet. Kana da ikon sauyawa, amma yawancin mutane ba sa taɓawa har wayar ta mutu. Shi ya sa Google ke biyan Apple biliyoyin daloli kowace shekara don kawai ya zama shi ne wanda ka tarar a wayarka. Babu wanda ya tilasta maka. An dai ajiye abin a daidai inda hannunka zai fara kaiwa, a lokacin da ka gaji da tunani. Da na dubi daren nan na Istanbul da wannan ido, sai na ga zaɓin da na ɗauka nawa ne, rabinsa an yi shi shekaru kafin in sayi tikiti.

Ga yadda abin ke tafiya. Gina filin jirgi ko sabunta shi kuɗi ne masu nauyi, yawanci bashi. Abin da kamfanonin jirage ke biya na sauka da tashi ba ya isa shi kaɗai, don haka kaso mai tsoka na kuɗin shiga yana fitowa daga hayar shaguna da wuraren cin abinci da na ajiye motoci. Idan an tashi ba da hayar, ana neman wanda zai iya ajiye jingina mai yawa, ya yi alkawarin biyan wani adadi ko an yi ciniki ko ba a yi ba, ya buɗe tun asuba har tsakar dare, ya bi da kowane buhun fulawa da kowane ma'aikaci ta binciken tsaro. Mai shayin da ya shekara 30 yana sana'a a cikin gari ba shi da wannan ƙarfi. Masu shi su ne manyan kamfanonin kwangila irin su SSP da HMSHost, waɗanda ke karɓar wuri da yawa a lokaci guda su kafa sanannun sunaye bisa lasisi. Babu wanda ya zauna ya ƙulla sharri, kowa lissafinsa daidai ne. Sakamakon dai shi ne ka sauka a nahiya uku ka tarar da kusan layin shaguna ɗaya.

Abin mamakin shi ne ginin kansa ana kashe dukiya don ya fita daban. A Singafo, ginin Jewel na filin jirgin Changi da aka buɗe a 2019 yana da ruwa mai zubowa daga rufi, tsayin mita 40, kewaye da lambu. A cikin ginin nan kuma aka buɗe reshen farko na Shake Shack a ƙasar, mutane suka yi ta dogon layi don cin baga ta Amurka, a garin da ya yi suna a duniya da abincin rumfunan kasuwa. Masanin halayyar al'umma ɗan Faransa, Marc Augé, ya rubuta littafi a 1992 a kan irin waɗannan wurare, ya kira su wuraren da ba wurare ba: inda ba ka da tarihi, ba ka da maƙwabci, kai lambar kujera ce da fasfo.

A nan ne na rabu da hujjar da na kare kaina da ita. Filin jirgi ya fi kama da zaure. Ga miliyoyin masu yada zango, shi ne iyakar abin da za su taɓa gani na ƙasar. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, amma bai faɗa mana abin da za a sa a kwanon ba. Mai gida zai ba baƙo abin da baƙon ya saba da shi don ya sake, ko abin da gidan ke ci don baƙon ya san inda ya zo? Duka biyun karamci ne. Sai dai idan kowane gida ya zaɓi na farko, za a wayi gari kana ta tafiya ba ka je ko'ina ba, kuma mai gidan ya koya wa 'ya'yansa cewa tuwonsu bai isa a kai zaure ba.

Kada mu yi saurin zargin Amurkawa da ƙirƙiro wannan. Fataken da suka riƙa tashi daga Kano zuwa Gwanja sayo goro ba a gidajen mutanen gari suke sauka ba. Zango suke nema, inda ake jin Hausa, akwai masallaci, akwai abincin da ciki ya sani. Unguwannin zango na Kumasi da Accra daga nan suka samo asali. Kakanninmu ma sun so abin da na so a daren nan. Bambanci biyu nake gani. Na ɗaya, fatoma mutum ne mai suna da fuska, yana ajiye maka kaya, ya tsaya maka a ciniki, idan an cuce ka kunyarsa ce. Na biyu, zango yana gefen gari, garin kuma yana nan da kasuwarsa. Wanda ya daɗe sai ya shiga, ya koyi harshe, wani har ya yi aure. Zangon zamani yana neman ya zama shi ne garin.

Ba kullum ake miƙa wuya ba. A shekara ta 2000 Starbucks ya buɗe reshe a cikin tsohuwar fadar sarakunan Sin da ke Beijing. A 2007 wani mai gabatar da shirye-shirye a talabijin ɗin ƙasar, Rui Chenggang, ya tayar da maganar a intanet, jama'a suka mara masa baya, aka rufe reshen a shekarar. A Ostireliya babu wanda ya yi zanga-zanga. Mutane dai sun ci gaba da zuwa ƙananan shagunan gahawar da suka gada daga baƙi 'yan Italiya da Girka, har kamfanin ya rufe fiye da rassa 60 a 2008. Italiya kanta, inda Howard Schultz ya ga salon shan gahawar da ya kwaikwaya a ziyararsa ta Milan a 1983, sai a 2018 kamfanin ya shiga.

Akwai kuma tambayar wanda ke cin riba. Asalin itacen gahawa a Habasha yake, kuma sunan "mocha" da ke allon kowane shago sunan tashar jiragen ruwa ce a Yaman. Habasha ta yi ja-in-ja da Starbucks a kan mallakar sunayen gahawarta, Sidamo da Harar da Yirgacheffe, kafin su sasanta a 2007. Manomin da ya tsinko 'ya'yan itacen ɗan abu kaɗan ne ke kai wa hannunsa daga kuɗin kofin da na riƙe. Kunyata ta daren nan a kan al'adar Turkiyya ta tsaya, ba ta ma kai ga manomin ba.

To laifin wa? Ban yarda a ɗora wa matafiyi mai barci a ido nauyin ceton al'adun duniya ba. Nauyin ya fi yawa a kan wanda ya tsara zaɓin, kamar yadda idan na sa maɓallin da bai dace ba a gaban mai amfani da manhajata, ba zan ce ai shi ya danna ba. Kuma ana iya tsarawa daban. Filin jirgin Portland a Amurka ya daɗe da dokar cewa kada farashin shago a ciki ya wuce na reshensa a cikin gari, kuma da aka buɗe sabon ginin tasharsa a watan Agustan 2024, an cika shi da sana'o'in mutanen yankin. Hukuma ce ta rubuta hakan cikin sharuɗɗan haya. Duk ƙasar da ke shirin cin bashi don sabunta filin jirginta, a wannan takarda ce za ta yanke wanda zai tari baƙinta, tun kafin a kawo siminti.

Amma ban wanke kaina tas ba. Sanin cewa an shirya mini zaɓi ya ɗora mini ƙaramin nauyi: in tsaya daƙiƙa goma kafin ƙafa ta kai ni inda ta saba.

A hanyar dawowa na sake yada zango a Istanbul, wannan karon da rana. Na tsaya gaban mai simit, na nuna da yatsa. Ya yi mini wata tambaya da ban gane ba, na ɗaga kai, sai ga shi ya haɗo da cuku wanda ban nema ba. Shayin ya yi mini ɗaci har sai da na jefa sukari uku, riɗi ya zube mini a kan kwamfuta, kuma babu wurin caji kusa. Wani dattijo a teburin gefe ya ga yadda nake fama da zafin kofin, ya nuna mini da hannunsa cewa ta baki ake riƙe shi, da yatsu biyu. Na gwada, ya gyaɗa kai, ya koma ga jaridarsa. Har aka kira jirginmu ban ƙarasa shayin ba, amma simit ɗin na sayi biyu na kawo gida.