Hukuncin da ba ya ƙetare Ɗan Issa

Akwai wata mata a unguwarmu nan Maradi, mu dai Yaya muke ce mata. An kai ta aure Katsina, ta yi shekara tara, auren ya mutu, ta dawo gida da ɗiya goye a baya. Babban, namiji mai shekara shida, uban ya riƙe shi. Ta kai ƙara jastis, alƙali ya saurare ta, ya rubuta cewa riƙon yaran nata ne. Takardar tana nan cikin leda ƙarƙashin katifa. Yaron kuwa yana can, wajen kilomita 90 daga ɗakinta.

Dalili shi ne hukuncin kotun wata ƙasa ba ya aiki da kanshi a wata ƙasa, sai kotun can ta duba ta amince. Ke nan sai Yaya ta ɗauki lauya a Najeriya, ta fassara takardarta daga Faransanci, ta yi ta zarya, ita da ke sayar da ƙosai. Akwai yarjejeniyar Hague ta 1980 wadda aka yi don maido yaron da aka tsallaka da shi ko aka riƙe a wata ƙasa, amma Nijar ba ta ciki, Najeriya ma haka.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fiƙihu. Ɓangarorin biyu duk Malikawa ne, kuma a mazhabar Malik riƙon yaro na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare gidan miji. In uwa ta yi wani aure, riƙo ya koma wajen kaka ta wajen uwa. Al'adarmu ce ta ce da an yaye, ko an kai shekara bakwai, ɗa ya koma gidan uba, mu kuma muka shafa mata fentin addini. Malamai sun yi maganar tafiya ma: in uba zai ƙaura nisan baridi shida, wato fiye da kilomita 100, yana iya tafiya da ɗanshi. Ka gani, su nisa suka auna, don ba su san duwan da jandarma a tsakiyar dangi ba. A ma'auninsu Katsina kusa take, Agadas ce nesa. A ma'aunin doka ta yau, Agadas gida ce, Katsina ƙasar waje.

To, ga tambayar da ta sa na ɗauki biro: in babu hukumar da za ta iya tilasta maka, haƙƙin da ke kanka ya faɗi ke nan? Ni ina ganin lokacin ne ma ya fi nauyi. Wanda yaro ke hannunshi a ƙetaren iyaka ya riga ya ci shari'a ba tare da an zauna ba, babu mai tambayarshi sai Allah da zuciyarshi.

Amma kar mu yi saurin zagin uban. Shi ke ciyarwa, shi ke biyan makaranta, kuma yana tsoron in ya turo yaron hutu Maradi ba za a maido shi ba. Wanga tsoro ba na banza ba ne. Na tambayi Yaya mi ya hana ta kai ɗiyar ta ga ubanta da sallah, sai ta ce: "In kai ta su riƙe?" Ashe kowa ya riƙe guda jingina. Wa da ƙanwa sun zama kamar fursunonin yaƙi da ake jiran musanya, alhali ba wanda ya tambaye su. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, wadda ƙasashen biyu suka amince da ita, ta ce yaron da iyayenshi ke zaune ƙasa daban-daban yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su duka. Haƙƙin yaron ne, bai zama kyautar da uba ko uwa ke bayarwa in sun huce ba.

Dole wani ya fara sakin hannu, kuma a ganina mai ƙarfi ya kamata ya fara, don shi in aka ci amanarshi yana da kuɗin mota da na lauya. Uban ya kan ce iyaka ce matsala. Wallahi ban yarda ba. An rufe ta a 2019, an sake rufewa a 2023, kuma duk mun ga buhunan shinkafa da jarkokin mai suna ratsa daji bisa babur dare da rana.

Yanzu yaran suna gaisawa ta WhatsApp a wayar wani kawu, in an yi sa'a sau ɗaya a wata. Shi yana ba ta labarin firamare, ita tana ba shi na lakwal. Ran nan ta ce mishi an ba ta dala ashirin, ya tambaye ta nawa ke nan a naira.