Hukuncin Dashen Ƙwayoyin Halitta a Ƙwaƙwalwar Mai Ciwon Karkarwa

TAMBAYA: Wani matashi daga Tibiri ya rubuto cewa mahaifinsa, manomi, ya kamu da karkarwar hannu. In ya ɗauki ludayi, rabin furar kan zube kafin ta kai baki. Tafiyarsa ta koma jan ƙafa, tashi daga sujada sai an kama shi. Dangi sun ce iska ce, a kai shi wurin ƴan bori, amma likita a Yamai ya ce cutar Parkinson ce. Matashin ya ji ana dasa wa irin waɗannan majinyata ƙwayoyin halitta a ƙwaƙwalwa, wasu daga jikin ɗan tayi. Shin shari'a ta yarda?

AMSA: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya ba Baba lafiya, ya sanya ciwon ya zama kaffara.

Maganar likita ita ce abin kamawa. Likitan Ingila James Parkinson ya bayyana cutar tun 1817. Wasu ƙwayoyi ne can cikin ƙwaƙwalwa, masu samar da sinadarin dofamin da ke daidaita motsi, suke mutuwa sannu a hankali. A ƙasar Arewa an saba jingina irin wannan rawar jiki ga iskoki ko sammu, har iyali su ƙarar da awakinsu wajen girka, ciwo kuwa yana ƙara cin jiki. Wannan hanya ba ta halatta ba.

Neman magani Sunna ta yi umarni da shi. Shi kuwa dashe, hukuncinsa yana rataye ne a kan inda aka samo ƙwayoyin.

A 1987 likitocin Lund, a Suwidin, suka fara dasa ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɗan tayin da aka zubar. Wasu majinyata sun ji sauƙi, amma gwajin Amurka da aka wallafa a 2001 ya nuna wasu sun kamu da fizge-fizgen da ba su iya tsayarwa. Tun kafin wannan gwaji, malamai ba su yi jinkiri ba: Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda Nijar take cikinta, ta zauna a Jidda a 1990, ta haramta zubar da ciki don a ɗebi ƙwayoyin tayi. Ta sassauta kawai idan ɓari ne ya zo da kansa, ko an cire cikin don ceton ran uwa, kuma an tabbatar tayin ya mutu. Wannan ya dace da mazhabar Malikiyya da ake bi a Dogondutsi da Tibiri, domin sanannen ra'ayinta, kamar yadda Shaihu Dardiri ya kawo, ya hana taɓa ciki ko bai kai kwana 40 ba.

A 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a Makka, ta halatta ƙwayoyin da aka ɗauka daga baligi da yardarsa, da na cibiya da mabiyiya da izinin iyaye.

Nan ne sauƙi ya zo. A 2007 Shinya Yamanaka na Japan ya gano yadda ake mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma ɗanya, ta iya zama kowace irin ƙwaya. Daga 2018 Jami'ar Kiyoto ta dasa wa mutum 7 ƙwayoyin dofamin da aka samar ta wannan hanya daga jinin wani baligi mai lafiya. Sakamakon da ya fito a 2025 ya nuna ƙari bai tsiro wa kowa ba cikin shekara 2, huɗu daga cikin shida da aka auna kuma motsinsu ya gyaru. Ba a taɓa ɗan tayi ba, ba a keta alfarmar kowa ba. Wannan halal ne, muddin majinyaci ya yarda, ƙwararru kuma suka rinjayar da amfani a kan cutarwa.

Sai dai mai tambaya ya sani, mutum 7 ba su isa a ce an sami waraka ba, kuma ba a yin wannan aiki a Dogondutsi, ko Doso, ko Yamai. Duk wanda ya zo da alkawarin allurar ƙwayoyin halitta mai kawar da karkarwa, ya ce a sayar da gona a biya shi, cin dukiyar mutane yake yi da ɓarna, ba shi kuɗin kuma almubazzaranci ne.

Abin da ya hau kan ƴaƴan Baba yanzu shi ne su mayar da shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, su tsare masa maganin lebodofa a kan lokaci, kada ya yanke. In tsayuwa ta gagara, ya yi salla a zaune, sallarsa ta inganta. Wallahu a'alamu.